Tsakanin Fim Da Waya: Wane Hoto Ne Zai Kai Ga Jikokinmu?

Duk wanda ya saba bin hanyar Walewale zuwa Gambaga da Nalerigu, ko yake hawa dutsen Nakpanduri ya bi ta Garu zuwa Bawku, ba zai rasa cin karo da wani abin mamaki jefi-jefi ba a 'yan shekarun nan. Za ka ga baƙo ɗan yawon buɗe ido, ko wani saurayi daga cikin 'ya'yanmu da suka yi karatu a Kumasi ko Ankara, babban birnin Gana, ya rataya tsohuwar kyamara mai cin fim a wuya, irin wadda iyayenmu suka jefa ƙasan akwati shekara 20 da suka wuce. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, a aljihunsa akwai wayar da kuɗinta zai sayi ɗan maraƙi, wadda za ta ɗauki hoto dubu ba tare da ya ƙara ko kwabo ba. Amma sai ya bar ta a aljihu, ya tsaya yana murɗa ƙarfe, yana leƙe, yana jira.

Ɗan kasuwa ba ya raina kaya don sun tsufa. Abin da yake tambaya shi ne wa ke nema, nawa ne, kuma ina ribar take. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu zauna mu yi wa lamarin lissafi irin na 'yan kasuwa, domin mun lura cewa maganar ta wuce sha'awar 'yan boko. Ta shafi abin da zai rage mana na kamannin iyayenmu da kasuwanninmu idan an kwana biyu.

Yadda fim ya faɗi, ya kuma ɗago

Masu shekaru a cikinmu za su tuna mai hoton bakin kasuwa, da akwatinsa na katako mai ƙafa uku da baƙin ƙyalle. Yakan zaunar da kai a benci, ya cire murfin gilashi ya ƙirga a zuci, ya mayar, sannan ya zura hannu cikin akwatin ya wanke takardar a nan take. Hoton farko yakan fito a juye, baƙi ya zama fari, sai ya sake ɗaukar hoton wannan takarda kafin kamanninka su fito daidai, ya ɗauraye a bokiti ya miƙa maka da danshinsa. Da irin wannan hoto mutane da yawa suka yi takardun tafiya. Bayansa aka shiga zamanin shagunan hoto masu labule mai zanen bene da mota, sannan zamanin fim mai launi na Kodak da Agfa da Konica da Fuji, inda mai hoto ke zagaya gidajen suna da biki ranar Juma'a, ya tara fim ya ba direba ya kai birni a wanko.

Abin dariya shi ne, a cikin kamfanin Kodak ɗin kansa aka haifi abin da ya karya shi. A 1975 wani injiniyansu mai suna Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko. Nauyinta ya kusa kilo 4, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya baƙi-da-fari a kan kaset. Kamfanin bai ɗauke ta da muhimmanci ba, domin ribarsa a fim take. Da aka shiga shekarun 2000 sai kasuwa ta juya. Kamfanin AgfaPhoto na Jamus ya durƙushe a 2005. Konica Minolta na Japan ya fita daga harkar kyamara da fim a 2006. Polaroid ya daina yin fim ɗinsa na nan-take a 2008, aka tsayar da shahararren fim ɗin Kodachrome a 2009, sannan a watan Janairun 2012 Kodak ya je kotu a Amurka ya bayyana cewa bashi ya fi ƙarfinsa.

A nan yankinmu, waya ce ta ƙarasa aikin. Hoton fasfo, wanda shi ne tuwon yau da kullum na mai shagon hoto, shi ma ya ragu, tun da hukumomi suka koma ɗaukar hoton mutum da kwamfuta a wurin rajista, kamar yadda aka yi a rajistar masu zaɓe ta Gana a 2012, kuma ake yi wajen katin ɗan ƙasa.

Sai dai fim bai mutu ba. Kodak ya farfaɗo, har ya dawo da fim ɗin Ektachrome a 2018. A Ingila ana ci gaba da yin fim baƙi-da-fari na Ilford. Kamfanin Leica ya sake fito da kyamararsa M6 a 2022, kuma a 2024 aka fitar da sabuwar kyamarar fim mai suna Pentax 17, wadda ke raba kowane gurbi biyu, ta fitar da hoto 72 daga fim mai 36. Ba wanda zai kafa injin ƙera kaya idan babu masu saye. Masu sayen kuwa akasarinsu matasa ne da suka tashi da waya a hannu.

Me suke nema?

Hujjarsu ta farko ta matafiya ce, kuma duk wanda ya san hunturun arewacin Gana zai fahimce ta. Kyamarar dijital mai canjin gilashi tana da wani allo a ciki da ke karɓar haske, kuma shi ke nan guda ɗaya har ƙarshen rayuwarta. Idan ƙurar hunturu ta sauka a kansa, ɗigon zai bayyana a kowane hoto har sai an goge shi, gogewar kuma aikin gwani ce. A kyamarar fim kuwa, duk murɗawa ɗaya sabon fili ne ke zuwa. Ba wai ƙura ba ta yi mata illa ba ne, domin ƙwayar yashi ɗaya na iya jan layi a tsawon fim, amma illar takan tsaya a wannan fim ɗin.

Sai batun wuta. Waɗanda suka yi kasuwanci a shekarun 2012 zuwa 2016, lokacin ɗauke wutar da mutanen Gana suka laƙaba wa suna dumso, sun san darajar abin da ba ya bukatar caji. Kyamara irin Pentax K1000, wadda aka yi ta ƙerawa daga 1976 zuwa 1997, ko Nikon FM2, ƙarfe ce da waya irin ta agogon hannu. Ɗan ƙaramin batirin da ke cikinta na ma'aunin haske ne kawai. Ko ya mutu za ta ɗauki hoto. Olympus Trip 35 ma ba ta da batir sam, hasken rana ne ke motsa ma'auninta. Mutum zai iya tashi daga Salaga ya bi ƙauyukan bakin kogin Volta mako biyu bai nemi soket ba.

Hujja ta uku ita ce muka fi jinjinawa. Mai fim yana da harbi 36 ne kacal, kuma kowanne kuɗi ne. Saboda haka ba ya ɗaga kyamara sai ya duba, kamar yadda mai sayen goro ba ya ɗaure huhu sai ya juya kowane ɗaya ya ga ko da tsutsa. Yakan zauna a rumfa, ya gaisa, ya sha ruwa, ya bari mutane su saba da shi. Mai waya kuwa yakan ɗauki 50 a tsaye, ya wuce yana kallon allo, bai ma san sunan wanda ya ɗauka ba. Ba laifin waya ba ne, halin ɗan Adam ne idan abu ya yi arha.

Negatif, rasit ɗin hoto

Ga inda maganar ta fi shafarmu. Fim ba komai ba ne illa siririyar leda da aka shafa wa wani danƙo da ake samu daga ƙashi da fatar dabbobi, akasari shanu, an gauraya shi da gishirin azurfa. Dillalan shanu na Bawku sai su san cewa suna da hannu a wannan sana'a. Haske na taɓa azurfar, magani ya fito da hoton, abin da ya rage a hannunka shi ne negatif, abu ne da za ka riƙe, ka ɗaga wa rana ka gani da idonka. Negatif baƙi-da-fari da aka wanke da kyau, aka ajiye a busasshen wuri, yana wuce shekara 100. Mai launi bai kai haka ba, domin rininsa yana koɗewa, shi ya sa hotunan bikin shekarun 1980 da ke albam ɗinmu suka koma ja-ja.

Mu dubi garuruwanmu. Gambaga ce hedkwatar Turawan Ingila a arewacin wannan ƙasa kafin su koma Tamale a 1907. Yendi kuwa a hannun Jamus take a lokacin. A 1910 wani likitan mishan na Basel mai suna Rudolf Fisch ya zagayo wannan yanki da kyamararsa, kuma hotunan da ya ɗauka suna nan a ajiye a birnin Basel na ƙasar Suwizalan. Haka nan hotunan da R. S. Rattray ya sa a littafinsa na 1932 kan al'ummun arewa. Da idon baƙo aka ɗauke su, kuma don bukatar baƙo, amma yau duk mai son ganin yadda kasuwa da rawani da ginin wancan zamani suke, can yake komawa. Abu ne da aka sa a kan wani abu mai jiki, shi ya sa ya rayu. Haka rubuce-rubucen Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano da ya zauna Salaga kafin ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934, Allah Ya jiƙansa. Takarda da tawada ne suka kai su ɗakin ajiya na Jami'ar Gana da ke Legon, inda ake karanta su har yau.

To mu fa? Mu tambayi kanmu tsakani da Allah: ina hotunan da muka ɗauka da wayarmu ta farko mai kyamara? Mu kam mun ɗanɗana. Akwai katin memori da muka tara hotunan shekara kusan biyar a ciki, har da na ƙarshe da muka ɗauki wata gwaggonmu tana tsinke goro a ƙofar ɗakinta a zango. Wata rana waya ta ce a goge katin kafin ya yi aiki. Muka kai wa mai gyara a kasuwa, ya yi iya ƙoƙarinsa, ya dawo mana da hoton takardun kaya guda uku da na wata akuya. Gwaggo ta riga mu gidan gaskiya. Amma hoton mijinta, wanda mai akwatin katako ya ɗauka kafin a haife mu, yana nan a jikin bango.

Wani zai ce ai akwai ajiya ta intanet. Gaskiya ne, kuma tana da amfani. Sai dai tana rataye da lambar sirri, da layin waya, da biyan kuɗi idan wuri ya cika. Ɗan kasuwar kan iyaka da ke riƙe da layin Gana da na Togo da na Burkina Faso, yana canza su kamar hula, ya san yadda layi ke ɓata. Idan mai waya ya rasu kuma, sau nawa magada ke iya buɗe ta?

Darajar negatif ba mu kaɗai muka gano ta ba. A Bobo-Dioulasso akwai Sanlé Sory, wanda ya buɗe shagon Volta Photo a 1960. Ya riga ya fara ƙona tsofaffin negatif ɗinsa, yana ganin ba mai bukatarsu, lokacin da wani Bafaranshe mai binciken kiɗe-kiɗe, Florent Mazzoleni, ya iske shi. Abin da ya tsira daga wutar shi aka baje a babban gidan kayan fasaha na Chicago a 2018. Malick Sidibé na Bamako, wanda ya rasu a 2016, da hotunan samari da 'yan matan unguwa ya karɓi lambar Zakin Zinariya a birnin Venice a 2007. A nan Gana akwai James Barnor, mai shagon Ever Young a Jamestown, wanda ya kafa wurin wankin hoto mai launi na farko a ƙasar wajen 1970, aka kuma baje aikinsa a Landan a 2021. Shagon Deo Gratias na unguwar, wanda J. K. Bruce-Vanderpuije ya buɗe a 1922, ya riƙe negatif ɗinsa daga kaka zuwa jika. Dukkansu masu hoton unguwa ne, irin waɗanda muka yi da su a Yendi da Bawku da Salaga. Bambancin kawai, nasu an adana. Namu kuwa, ina kwalayen suke? Wasu gara ta ci, wasu ruwan damina, wasu yara sun yi wasa da su. A Tamale mai hoto Nii Obodai ya kafa cibiyar Nuku Studio don nazarin hoto, a Ankara kuma Paul Ninson ya buɗe cibiyar Dikan a 2022. Wannan alama ce cewa akwai masu neman irin waɗannan kwalaye.

Inda waya ta fi

Kada mai karatu ya zaci muna cewa a jefar da waya. Ko kusa. A harkar ciniki fim ba shi da wuri. Mai albasa a Bawku zai ɗauki hoton buhu ya aika wa abokin cinikinsa a Kumasi ta WhatsApp, su gama ciniki kafin mota ta tashi. Mai doya a Salaga haka, mai batakari a Yendi haka. Idan kaya suka lalace a hanya, hoton waya ne shaida nan take. Kamfanonin waya irin su Tecno ma sun gyara kyamarorinsu don su fito da baƙar fata da kyau, alhali fim mai launi na farko an auna shi ne da farar fata, shi ya sa fuskokin iyayenmu da yawa suka fito duhu a tsofaffin hotuna. Da dare kuma, kamar daren wutar Bugum, waya ta zamani tana ganin abin da fim na yau da kullum ba ya gani.

Akwai kuma abin da ya fi wannan nauyi. A watan Yulin 2020, a ƙauyen Kafaba kusa da Salaga, aka yi wa wata tsohuwa 'yar shekara 90 dukan da ya kashe ta bisa zargin maita. Bidiyon waya ne ya fitar da abin ga duniya, aka kama mutane, kotu ta ɗaure mata biyu a 2023. Da sai an jira an kai fim birni an wanko, wataƙila da maganar ta mutu a ƙauyen. Abin baƙin ciki kuma shi ne, waɗanda suka ɗaga waya suna ɗauka ba su ajiye ta sun ceci tsohuwar ba.

Ladabin ɗaukar hoto

Wannan ya kawo mu ga Gambaga kanta. Kowa ya san unguwar da matan da aka kora daga garuruwansu bisa zargin maita ke zaune ƙarƙashin kariyar Gambarana. Babu inda baƙi masu kyamara suka fi nufa a garin kamar nan, har Yaba Badoe ta yi fim a kansu a 2010. Waɗannan mata iyayen wasu ne, kakannin wasu ne. Ko da fim ko da waya, ba a shiga sai an bi ta hannun masu kula da wurin, ba a kuma ɗaukar mace sai ta yarda da bakinta. Abin da ya sa muke ganin mai fim ya ɗan fi sauƙin riƙe wannan ladabi shi ne, hotonsa ba ya tashi sama a minti ɗaya. Yana da kwanaki da zai yi tunani kafin wani ya gani.

Haka a kasuwa. A gaisa tukuna: Hajiya, ina kwana, ya ciniki, ko za ki ba mu izini? Baba, a yi mana afuwa mu ɗauki rumfar? Idan an ƙi, a yi godiya a wuce. Akwai waɗanda ba sa son hoto saboda fahimtarsu ta addini, akwai matan aure da sai da yardar gida, akwai wanda kawai ba ya so, kuma haƙƙinsa ne. A fadar Ya-Na a Yendi lokacin Damba, ko a fadar Nayiri a Nalerigu, ana neman izini ta hannun fadawa, ba a tsallake makaɗa da masu goge a tsaya gaban sarki. Mai fim yana da wata matsala da mai waya ba shi da ita: ba zai iya juya kyamara ya nuna wa mutum hotonsa ba. Abin da zai iya shi ne alkawarin kawo kati. Wannan bashi ne, kuma mun ga baƙi da yawa sun ci shi sun tafi. Mu da muke komowa kasuwar Bawku duk bayan kwana uku ba mu da uzuri.

Sai gargaɗi ga masu tsallaka iyaka. A Paga, ko Kulungugu, ko Pulmakom da Sinkase, kada a kuskura a nuna kyamara wajen ofishin kwastan, ko shingen jami'an tsaro, ko bariki, ko gada. Tsaro ya tsananta a wannan yanki saboda halin da ake ciki a Burkina Faso, ga kuma rikicin sarautar Bawku da ya daɗe yana jawo dokar hana fita. Idan jami'i ya yi zargi, mai waya zai goge hoto ɗaya a gabansa a rabu lafiya. Mai fim ba shi da abin nunawa. Buɗe bayan kyamara za a yi a zaro fim ɗin a rana, hoto 36 su tafi gaba ɗaya, har da na ɗaurin auren da aka je dominsa. Dabara ita ce a ƙarasa fim a naɗe shi a cire kafin a iso iyaka.

Lissafi

Yanzu ga kuɗi. A haɗa kuɗin fim, da na wanki, da na buga kati ko juya hotunan zuwa kwamfuta, da kuɗin motar kai da kawowa, a raba gida 36. Sannan a tuna cewa ba duka 36 za su yi kyau ba; sabon hannu ya gode Allah idan ya sami rabi. Duk kayan daga waje suke zuwa, da dala ake sayensu, kamfanoni sun yi ta ƙara farashi tun daga 2020, kuma wanda ya ga yadda sidi ya faɗi a 2022 ya san abin da hakan ke nufi. Wuraren wankin fim sun yi ƙaranci ƙwarai a arewa, saboda haka kafin a sayi fim a fara sanin inda za a wanke shi. Wanda ya yi niyyar daɗewa a harkar gara ya koyi wankin baƙi-da-fari da kansa. Ba ya bukatar ɗakin duhu sai jakar baƙin ƙyalle, da ɗan tulun wanki, da magani iri biyu. Wahalarsa ɗaya, maganin yana son sanyin digiri 20, wanda a watan Maris a Bawku sai an haɗa da ruwan randa da ƙanƙara. Mai launi yana son digiri 38 daidai, ba ragi ba ƙari, shi ya sa aka fi barin sa ga injin.

Zafi shi ne babban maƙiyin fim. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, fim ɗin da aka bari a gaban mota yini ɗaya zai canza launi. A naɗe shi a tsumma a sa tsakiyar kaya, kamar yadda ake ɓoye goro daga iska. Masu tafiya ta jirgin sama, musamman alhazai, su sani cewa sababbin na'urorin binciken kaya na filayen jirgi suna lalata fim, Kodak da kansa ya yi gargaɗi a kai a 2020. A roƙi a duba shi da hannu, kada kuma a sa shi a jakar da ake aunawa a sa a ƙarƙashin jirgi.

Wani kuskure da muka taɓa yi, muna faɗa don wani ya tsira: mun sa fim bai kama haƙorin naɗi ba, muka yini a wajen hawan Damba muna murɗawa muna murna. Da ƙidaya ta wuce 38 ba ta tsaya ba, jikinmu ya yi sanyi. Ko ɗaya bai ɗauku ba. Alamar ita ce, idan ana murɗawa, ɗan hannun naɗewa na ɓangaren hagu shi ma ya riƙa juyawa. Idan ma'aunin haske ya mutu kuma, ga ƙa'idar da tsofaffin masu hoto ke bi: a rana tsaka a sa ƙofar haske a lamba 16, a sa gudu a lambar da ta fi kusa da ta fim, wato 250 ga fim mai lamba 200. Ga fuskokinmu, musamman ƙarƙashin hula ko mayafi, a ƙara buɗewa zuwa 11 ko 8. Fim mai launi yana jure yawan haske fiye da ƙarancinsa.

Ga 'yan uwa masu harkar gwanjo, waɗanda ke ɗauko kaya daga Lome da Kwatano, a daina sayar da tsohuwar kyamara a kuɗin ƙarfe. A duba ta tukuna. A ɗaga gilashin a rana, idan an ga zare-zare kamar saƙar gizo a ciki, danshin damina ya haifar da fumfuna, darajarsa ta faɗi. A buɗe baya a duba soson da ke tare haske, yakan narke ya zama kamar kwalta, amma wannan gyaransa mai sauƙi ne. A duba ramin batir ko ya yi tsatsa. A murɗa a danna a kowace lamba, a saurara ko sautin yana canzawa. Wadda ta ci wannan jarrabawa, a nemi farashinta a intanet kafin a yi mata kuɗi. Ƙananan kyamarori na roba masu aiki da batir su ma suna da masu so, amma idan suka mutu ba su da gyara.

Idan kuma a gidanku akwai wanda ya taɓa yin sana'ar hoto, a nemo kwalin negatif ɗinsa tun kafin damina. Kada a wanke su da ruwa, kada a taɓa fuskarsu da yatsa, a riƙe ta gefe. A raba su da ledar da ke sa gumi, a sa a ambulan na takarda, a ɗora a sama nesa da bango da gara. Wanda ke warin tsami kamar ruwan kal a ware shi daban, ya fara ruɓewa kuma yana shafar na kusa da shi. Idan wani baƙo ya zo saye, kada a sallama a tsaye a ƙofar gida. A tara magada, a rubuta yarjejeniya, a kuma riƙe kwafi. Sannan a zauna da tsofaffin zango tun suna raye, a ɗaga musu ɗaya bayan ɗaya a hasken taga, a rubuta a bayan ambulan da fensir: wane ne wannan, ɗan wane ne, a wace kasuwa, a zamanin wane sarkin zango.